Ɗacin Maɗaci da Zazzaɓin Damina

 Yau a gindin maɗaci za mu shimfiɗa tabarma. Itace ne da yaro kan san sunansa tun bai san kamanninsa ba, domin da shi ake kwatanta duk abin da harshe ya ƙi, kuma daga ɗacin nan ya samo suna, kamar yadda maɗaciya ta samo nata. Tun daga Senegal har Sudan da arewacin Uganda ake samunsa, yana son bakin rafi da fadama, in ya sami wuri yakan kai tsawon mita 30. Turawan mulkin mallaka sun jera shi a gefen tituna saboda inuwa, shi ya sa har gobe ake ganin manya-manyansa a tsofaffin unguwannin Kano da Kaduna da Yamai da Njamena. Wanda ya matsa kusa da ɗaya daga cikinsu zai ga abin da ya kawo wannan hira. Daga ƙasa zuwa iyakar inda hannun mutum ke kaiwa, gindin duk tabo ne. Tsohon sara ya yi baƙi, bakinsa ya kumbura yana neman haɗewa. Sabo kuwa ja wur yake kamar an yanka nama, yana tsattsafo da ruwa mai danƙo. Kowane tabo, wani ne ya yi sammako da gatari ko adda, don ya baro mai zazzaɓi kwance a gida.

Maganar da zan kafa wa hujja yau ita ce, maɗaci yana da amfani na gaskiya, amma amfanin nan yana da iyaka, mu kuma mun daɗe muna ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ɗacinsa ne ya ruɗe mu. Mun mai da ɗaci shaidar ƙarfin magani, har ta kai in jiƙo bai sa mutum ya yamutsa fuska ba sai a ce an cuce shi, ruwa aka sayar masa. Alhali akwai abu biyu da rai ya rataya a kansu waɗanda harshe ba ya iya faɗa wa kowa: wace cuta ce a jiki, kuma nawa ya kamata a sha.

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa, don ruwa ba ya tsami banza. A ƙasar Hausa ana jiƙa sassaƙensa ko a dafa, wani lokaci da ɗan jar kanwa, a sha don zazzaɓi, ciwon ciki, tsutsar ciki, basir da shawara. Ana daka busasshen ɓawon a barbaɗa wa gyambo, ana wanka da ruwansa saboda ƙuraje. Makiyaya suna ɗura wa dabbobi, masu dawaki sun san shi, kuma in rani ya yi tsanani ganyensa ne ake saro wa shanu. Wolof na Senegal, waɗanda daga kalmarsu masana suka ɗauko sunan Khaya da suke kiransa da shi, su ma kusan abin da suke yi da shi ke nan. In al'ummu da ba sa jin harshen juna suka haɗu a kan itace ɗaya, to akwai abin dubawa. Masana kuwa sun duba. Sun tarar ɗacin yana fitowa daga wasu sinadarai da ake kira limonoid, irin waɗanda ke cikin darbejiya, don dama dangi ɗaya ne. Sun tarar da tanin mai yawa, wato sinadarin baurin nan da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Bauri yana tsuke nama ya tsane ruwa, ga dalilin da ya sa garin maɗaci ke busar da ƙaramin rauni. Ɗaci kuma yana motsa yawu da ruwan ciki, sai wanda jinya ta ɗauke wa sha'awar abinci ya ji bakinsa ya buɗe. A Ibadan an gwada ruwan ɓawonsa a kan tumaki, aka ga ƙwayayen tsutsa sun ragu a kashinsu. Ashe makiyayin da ke ɗura wa tunkiyarsa bai yi wauta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne zazzaɓin cizon sauro, kuma ba mu ne muka fara faɗawa wannan rami ba. A shekarar 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ciro kwinin daga ɓawon sinkona, wani itace na tsaunukan Kudancin Amurka. Kwinin ya canza tarihin ƙasarmu, domin da shi ne Dokta Baikie ya shigo Kwara da Binuwai a 1854 ya fita ba tare da zazzaɓi ya kashe masa mutane ba, abin da ya gagari waɗanda suka gabace shi. Amma kwinin tsada gare shi, daga nesa kuma yake zuwa. Da Faransawan Senegal suka ɗanɗana maɗaci, suka ji ɗaci irin na sinkona, suka ga mutanen ƙasa suna shan sa don zazzaɓi, sai suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, har suka raɗa masa suna sinkonar Senegal. A 1849 ɗan wancan Caventou ɗin, mai suna Eugène, ya zauna ya bincike ɓawon. Ya sami wani abu mai ɗaci ƙwarai, amma bai sami kwinin ba, don babu shi a ciki. Shekaru fiye da 170 ke nan, gwamnatocin da suka fi kowa buƙatar magani mai araha ba su iya mai da maɗaci madadin kwinin ba. An ci gaba da gwada shi a kwalba da jikin ɓeraye, ana ganin yana ɗan taɓa ƙwayar cutar, amma taɓawa daban, kashewa daban. Har yau ba ya cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su.

Wani zai ce, to ni fa da na sha na warke? Ban ƙaryata ka ba, malam, ka sha kuma ka warke. Tambayar ita ce me ya warkar da kai. Kalmar zazzaɓi a bakinmu buhu ce, komai zubawa muke yi: mura mai zafi, taifot, ciwon huhu, sanƙarau, ƙyanda, ciwon mafitsara, da na cizon sauro. Da yawa daga cikin zazzaɓin da ke kama babba, kwana uku zuwa biyar ne jiki ya kore shi da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Sannan babban mutumin da ya girma a inda sauro yake, an cije shi sau ba adadi tun yana goye, jikinsa ya saba da faɗan, ko na cizon sauron ne yakan iya danne shi. Irin wannan mutum in ya sha maɗaci ranar Talata ya miƙe ranar Juma'a, dole ya yaba wa maɗaci. Matsalar tana farawa ne ranar da ya auna ɗansa mai shekara biyu da jikinsa. Yaro bai tara wannan garkuwa ba. Nau'in ƙwayar da ta fi yawa a wajenmu tana iya kai yaro daga zafin jiki zuwa jijjiga da suma cikin kwana ɗaya. Tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, sai ka buɗe tafin hannun yaro ka gan shi fari fat, ka ja fatar idonsa ka ga babu jini. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke, Nijar ma tana sahun gaba wajen mace-mace, kuma mafi yawan waɗanda ke rasuwa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ake gasa sabuwar masara har wasu ke ɗora mata laifi, ɗakunan yara a asibitocinmu ba masaka tsinke. Yawancin yaran nan ba ruwan maɗaci ne ya yi musu illa kai tsaye ba. Kwana biyu ko ukun da aka yi ana jira a ga aikinsa su ne suka cinye lokacin da za a cece su.

Sai hujjar da ta fi kowace daɗi a baki: iyaye da kakanni da shi suka rayu. Gaskiya ne da shi suka rayu, don shi suke da shi, kuma babu mai hankalin da zai zarge su. Sai dai a tambayi kowace tsohuwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ta yaye, nawa suka yi aure. Amsarta ita ce lissafin da ba ma so mu yi. Waɗanda suka rayu su ne ke ba da labari, waɗanda damina ta tafi da su ba su bar mai magana ba. Akwai kuma abin da muke mantawa: mai maganin da kakanninmu suka sani ɗan gari ne. Ya san majinyacin, ya san itacen da ya sara, yana dawowa da yamma ya duba, in abu ya ɓaci sunansa ne zai ɓaci. Ina wannan, ina mai lasifika a bayan mota ranar kasuwa, wanda ke lissafa cuta goma sha biyu a kan jarka ɗaya, mako mai zuwa kuma yana wata jiha?

Hujja ta gaba ta fi nauyi, ta cancanci a tsaya mata. Ana cewa ai maganin asibitin ma daga itace aka samo shi. Ƙwarai kuwa, kuma labarin yadda aka samo shi yana tare da ni a wannan muhawara. Babbar wahalar da likitoci suka sha da ɓawon sinkona kafin 1820 ita ce, wani ɓawon yana warkarwa, wani ko gezau, alhali duka ɗaci ne da su. Sai da aka iya aunawa aka gane cewa yawan kwinin ya bambanta ƙwarai daga itace zuwa itace. Irin da wani ɗan kasuwa Charles Ledger ya samo daga Bolibiya, wanda mutanen Holan suka saya a 1865 suka shuka a tsibirin Jaba, ya ninka sauran sau da yawa. Harshe bai taɓa gano wannan bambanci ba, ma'auni ne ya gano. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau. Daga wani tsiro dangin tazargade wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ta ciro shi a farkon shekarun 1970, bayan ita da abokan aikinta sun tace girke-girken gargajiya fiye da 2,000, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Abin lura, da suka bi hanyar tafasawa sakamakon bai tsaya ba, sai da suka koma cirowa ba da zafi mai yawa ba. Ko a gida an yi irin wannan: cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na ciwon sikila, wanda akwai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki, ta gwada shi a kan majinyata, ya fito da suna Niprisan. A duk misalan nan gargajiya ce ta nuna ƙofa, sa'annan aka zo da awo da gwaji. Maɗaci ya tsaya a bakin ƙofar, ba a gama shigar da shi ba.

Mu dubi tukunyar kanta. Uwar gida ta ɗebi sassaƙe cike da hannu, hannun wani kuwa ya ninka na wani. Ɓawon tsohon itace ne ko na matashi, na rani ne ko na damina, babu wanda ya tambaya. Wata ta bar shi ya tafasa sau ɗaya, wata ta bar shi har ruwan ya ƙone ya koma rabi, ya yi duhu kamar jini. Aka ce a sha moɗa ɗaya safe da yamma, ba a ce wace moɗa ba, ba a ce kwana nawa ba, kuma moɗar da aka ba mai gida ita aka rage kaɗan aka ba yaro. Duk abin da ya shiga ciki kuwa, hanta ce ke karɓarsa ta sarrafa, ƙoda ta tace. Gwaje-gwajen da aka yi a jami'o'in Najeriya sun nuna cewa ɓerayen da aka ɗora wa ruwan ɓawon maɗaci kullum na tsawon makonni, musamman mai yawa, jininsu ya nuna alamun hanta ta wahala. Ɓera ba mutum ba ne, amma da ɓeran nan ne ake kafa hujja in za a yabi maɗaci, don haka dole mu karɓi shaidarsa in ta juyo kanmu. Masu cewa ai na Allah ne, ba haɗin kamfani ba, su tuna tunya ma halittar Allah ce, kuma a wasu yankuna da ɓawon maɗacin nan ake bugar da kifi a ruwa. Abin da ke da ƙarfin kashe tsutsa a cikin tunkiya ba ruwan randa ba ne da za a riƙa kwankwaɗa don wai ana wankin ciki.

Daga nan ne ake gane waɗanda bai kamata su kusance shi ba sam. Na farko mai shawara, duk da cewa shawara na cikin cututtukan da aka fi ba da maɗaci dominsu. Idon da ya yi rawaya, sau da yawa hanta ce ke kuka. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da cutar hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Ba wa irin wannan hanta tafasasshen maɗaci na mako biyu, kamar ƙara wa jakin da ya durƙusa kaya ne. Na biyu mai juna biyu. A al'adun da suka san itacen nan, an san shi da saukar da jinin al'ada, abin da ke yin wannan kuwa ba a wasa da shi kusa da ciki. Ga shi kuma tanin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, alhali ƙarancin jini ne babban abokin gabar mai ciki. Na uku jariri: kafin wata 6 babu abin da ya dace da cikinsa sai nono, ba ɗauri, ba jiƙo. Sai mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga da ke ganin tunda cutarsa ta zaƙi ce maganinta ɗaci ne. Wannan lissafin harshe ne. In ya haɗa da ƙwayoyin asibiti suga na iya faɗuwa ƙasa ya yanke jiki, in kuma ya ajiye ƙwayoyin ya riƙe maɗaci, ƙafa da ido ne za su biya.

Saura hujjar da ba ni da bakin rainawa, wato ta aljihu. Mutumin da ke ƙauyen da babu asibiti, hanya ta yanke da ruwa, kuɗin babur ya fi abin da ke gidan, maɗaci kuwa ga shi a bakin rafi kyauta, gaya masa ya je ya ga likita kamar zagi ne. Wannan laifin masu mulki ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa. Amma ko a cikin wannan hali akwai abin da ya canza. Tun 2010 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma gwajin bai buƙatar lantarki ko na'ura: ɗigon jini ne daga yatsa a kan ɗan allon roba, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito, ana yin sa a ƙananan asibitoci da kemis da yawa. In ya nuna akwai, maganin na kwana 3 ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum, kuma a shanye shi duka ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Ga kuma masu bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi kowane wata, ba a biyan ko sisi. Gidan da ya mai da su daga ƙofa ya koma ya ɗora tukunyar maɗaci, ba talauci ne ya hana shi ba. Yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko wuyansa ya sanƙare, wannan ko rance ne a ci a tafi da shi a daren.

Ga masu sayen na kwalba, ku dubi lambar hukumar NAFDAC. In ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba cewa abin ba ya cutarwa a yadda aka ce a sha. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera, kuma akan rubuta haka a jikin kwalbar da ƙananan haruffa.

Babba mai lafiyar hanta da ƙoda, wanda ya san abin da ke damunsa bai wuce mutuwar baki ko ɗan kumburin ciki ba, in ya sha tsarkakken jiƙo kaɗan na kwana biyu ya ajiye, ban ga abin tayar da hankali ba. Sai dai ya san inda aka saro. Ɓawon itacen bakin titi ya shekara hamsin yana shan hayaƙin mota da ƙura. Wanda aka shanya a ƙasa ya yi fumfuna, fumfunar kanta guba ce ga hanta. Jiƙon da ya kwana uku a jarka ya fara kumfa, na zubarwa ne. Itacen ma yana da nasa haƙƙi. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, don haka duk wanda ya zagaye gindi da sara ya yanke wa itacen maƙogwaro, ko da zai ɗauki shekara biyu kafin ya bushe. Tun 1998 maɗaci ke cikin jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, kuma a wani taron ƙasashen duniya da aka yi a Panama a Nuwamba 2022 an sa cinikin katakonsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini. Tsofaffin masu magani sun san dabarar: a zaɓi babban itace, a ciri siririn zubi daga sama zuwa ƙasa a gefe ɗaya, faɗinsa kada ya wuce tafin hannu, a shafe wurin da laka, a shanya abin da aka cira a kan tabarma cikin inuwa, kuma kada a koma wa wannan itace sai bakin raunin ya haɗe.